Tarar Hanya da Ɗaukaka Ƙara a Ƙasar Mafara

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta, gundumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun suna ƙarƙashin Sakkwato ne, kuma wanda alƙali ya ci tararsa yana da damar ɗaukaka ƙara, wato ya nemi kotun sama ta sake duba hukuncin, sai dai nisan tafiya kan sa talaka ya biya ya haƙura. Bayan kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kotun tafi-da-gidanka ta riƙa yanke wa direbobi hukunci a bakin titi. A 2021 gwamnatin Zamfara, jihar da waɗannan gundumomi suke ciki yanzu, ta taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, nauyin dokar kuwa ya fi faɗawa kan ɗan acaɓa, wanda ɗaukar lauya don ɗaukaka ƙara ta fi ƙarfinsa.