Raƙumin Dawa Tsakanin Zamanin Kakana da Nawa

Kakana ya tashi a ƙasar Dakoro, kuma ya sha ba ni labarin yadda, yana yaro mai kiwo, yakan hango kawunan raƙuman dawa sun zarce itatuwan dajin Gadabeji. Ni kuwa na girma ban san wannan dabba ba sai a hoton littafin makaranta. Wannan tazara ce ta sa na bi diddigin abin da ya auku.

A farkon ƙarni na 20, raƙumin dawa na Afirka ta Yamma yana yawo tun daga Senegal har gaɓar Tafkin Chadi. Farauta da bindiga ce ta fara rage shi. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma damina ta soma gajarta, aka faɗa farin 1973, sannan na 1984. Shi kansa tafkin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma.

Fari ya yi ɓarnarsa mafi girma ne ta hannun mutane. Da gona ta gaza ciyar da gida, manomi ya ƙara sheme daji, mai itace ya sare geza da sabara ya kai birni, makiyayi ya sassabe rassan gawo ya ba dabbobinsa. Duk abincin raƙumin dawa ne. A 1996, 49 kacal suka rage, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Mariri bai sami ko wannan sa'ar ba: a 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka maido da shi Chadi daga waɗanda ake kiwo.

A Kure, gwamnatin Nijar ta tsaurara hanin farauta, mutanen ƙauyuka suka fara cin moriyar masu yawon buɗe ido, suka kuma jure wa ɓarnar da dabbar ke yi musu a gonakin wake. Adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka mayar Gadabeji.

Kakana ya rasu kafin su iso. Damina har yau ba ta da tabbas, gonaki kuma sai faɗaɗa suke yi. Ko jikana zai ga abin da kakana ya gani, ya danganta ne da yawan gawon da muka bari a tsaye.