Maciji a Rijiya, Dujal a Kasuwa

Daga ƙofar gidanmu zuwa rijiyar Kusugu ba a yin tafiyar minti biyar, don haka da labarin macijin nan Sarki aka yaye mu. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta ba da labarin yadda masu zagayawa da baƙi suke bayarwa. Su sauri suke su iso kan Bayajidda: yadda ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya ɗauki guga cikin dare ya je ya fille kan macijin, ya auri sarauniya Daurama. Iya kuwa kan mutanen gari take tsayawa. Takan ce mu duba mu gani, gari guda, ga rijiya cike da ruwa, amma ba mai ɗiba sai ran Juma'a, kuma har sun saba, suna kiran abin da ya hana su ruwa da sunan Sarki.

Daga nan sai ta zarce kan Dujal, kamar labarin ɗaya ne. Mai ido ɗaya ne, in ji ta, zai umarci sama ta zubar da ruwa ta zubar, ƙasa ta fid da tsiro ta fitar. Garin da ya bi shi ya ƙoshi, wanda ya ƙi shi ya wayi gari cikin fari. Abin da zai nuna maka a matsayin ruwa wuta ne, wutarsa kuma ruwa ce mai sanyi. Saboda shi ta tsare mu sai da muka haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, ta kuma sanar da mu cewa Annabi Isa, alaihis salam, shi ne zai sauko a Dimashƙa ya kashe shi.

Na girma ina ɗaukar wannan tsoro namu ne mu kaɗai Musulmi. Sai da na fara koyarwa a wata makarantar sakandare na haɗu da wani abokin aiki, Bahaushe daga ƙasar Malumfashi, wanda iyayensa Maguzawa ne da suka karɓi addinin Kirista. Ya girme ni da shekara bakwai, ina ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Malam. Wani hutu na kawo shi Daura ya ga Kusugu. Ya leƙa cikinta ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, ai mu ma akwai maciji a ƙarshen littafinmu." A hanyar komawa gida ya warware mini. Littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, Ru'ya ta Yohanna, wanda wata fassarar ke kira Wahayin Yahaya, yana siffanta Shaiɗan da tsohon maciji mai ruɗin duniya. A cikinsa akwai wata dabba da za ta sa a yi wa mutane alama a hannun dama ko a goshi, wanda ba shi da alamar ba saye ba sayarwa, lambarta kuwa 666. Suna jiran magabcin Almasihu, da annabawan ƙarya masu yin al'ajibai, da ranar da suke kira fyaucewa, wadda za a ɗauke masu bi zuwa sama. Na ce masa wannan ai Turawa ne suka kawo muku. Ya girgiza kai ya ce in je in tambayi labarin Isawa.

Na tambaya, na kuma karanta, kuma har yau labarin bai sake ni ba. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya kai ga ɗaukaka shi fiye da yadda malaman gari za su lamunta, yana kuma koyar da almajiransa su zauna cikin shirin dawowarsa. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. An neme shi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka fake a duwatsun Ningi, inda tun wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka gudu saboda rikicin haraji, wasu kuma suka bazu a ƙauyukan gabashin Zazzau. Ana ce musu Isawa, ana kuma ce musu Bani Isra'ila. Ni Musulmi ne, ban yarda da inda karatun Malam Ibrahim ya kai shi ba. Amma duk lokacin da na tuna malami ne, mai allo da tawada kamar kakannina, aka yi masa wannan kisa a bainar jama'a, sai jikina ya yi sanyi.

Ba shi kaɗai ke sauraron ƙarshen zamani ba a wancan ƙarni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi rubutu kan alamomin bayyanar Mahadi, ya kuma musanta cewa shi ne. Da shekara ta 1300 bayan Hijira ta gabato, wadda ta kama a ƙarshen 1882, zukata suka ƙara tashi. Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. Da Nasara suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, jama'a da yawa ba su ɗauki abin a matsayin faɗuwar daula kawai ba, alama suka gani. Dubbai suka bar gonaki da gidaje suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Bayan shekara uku aka yi ta'asar Satiru, inda Turawa suka murƙushe wasu masu bin Mahadiyya.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, 'yan mishan ɗin da suka shigo ƙasar nan su ma da yawansu masu jiran ƙarshen duniya ne. Samari ukun da suka kafa mishan ta SIM a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun taso cikin wa'azin da ke cewa sai bishara ta kai ga kowace al'umma sannan Almasihu zai dawo. Wannan gaggawa ce ta turo su ba shiri. Gowans ya mutu a Girku a 1894, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na mishan ta CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A cikin ayarin akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Turabulus, ya kuma samu zama a birnin Zariya daga 1905. Ka ga ƙasa ɗaya ta tara jama'a uku, kowacce ta zuba ido ga sama, kowacce kuma tana ganin ɗayar ce aka ruɗa. Mutanen Attahiru na ganin Nasara a matsayin share fagen Dujal, 'yan mishan da dama na rubuta wa gida cewa Musulunci ruɗi ne, Isawa kuma na tsakiya, an kore su daga nan, ba su isa can ba.

A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka iso wurin Miller a Zariya. Kamar yadda shi ya ba da labari, sun ce malaminsu ya bar musu wasiyya cewa wasu za su zo da cikakken labarin Isa. Aka tara waɗanda suka karɓi Kiristanci a wani sabon ƙauye, Gimi, suka yi gonaki da makaranta da majami'a, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, yana kula da su. Ba su san wurin matattarar ƙudan tsando ne ba. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu kisan kiyashi, sauran suka tattara suka koma Zariya, daga baya Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929. Mutanen da suka tsira daga takobi, suka yi shekaru fiye da arba'in suna jira a ɓoye, ƙuda ya ƙarasa yawancinsu. Daga cikin 'yan ragowar ne aka samu Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya jagoranta, kalmomin da Yaya ya faɗa mini a hanyar Kusugu suka samu gindin zama a harshenmu.

Mu nan Daura abin ya zagaye mu ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa mishan shiga masarautun Musulmi, sai SIM ta ɓullo ta arewa da mu, ta sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi. A wannan gefen iyaka sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta hanyar jinyar kutare, a Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Ta nan, da ta ƙauyukan Maguzawa, iyayen Yaya suka shiga, kuma ikkilisiyarsu ce ta zama ECWA a 1954.

Maganar ruɗin ƙarshen zamani da Yaya ya taso da ita ta ɗan bambanta da ta iyayensa, kuma wannan sashen kam daga waje ya zo. Tsarin da ke yanka tarihi zamani-zamani har zuwa fyaucewa da babban tsanani, John Nelson Darby ne ya shimfiɗa shi a ƙarni na 19, Baibul mai sharhi na Scofield ya yaɗa shi daga 1909. Kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ya ƙara wa masu wannan fahimta ƙarfi, littafin Hal Lindsey na 1970 ya kai ta gidaje miliyoyi. A Amurka kuma wasu masana suka fitar da sanarwa a 1933, suka sabunta ta a 1973, suna cewa ɗan Adam ya ishi kansa, hankalinsa da kimiyyarsa sun wadatar, ba ya bukatar wahayi. Kotun ƙolin ƙasar kuma ta hana addu'ar hukuma da karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati a 1962 da 1963. Masu wa'azi irin su Francis Schaeffer da Tim LaHaye suka haɗa waɗannan suka ce ga babban ruɗin nan ya iso, ba da rawanin annabin ƙarya ba, da allon makaranta da akwatin talabijin. Littattafansu da kaset-kaset suka shigo Arewa ta shagunan littattafan mishan da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957.

Yaya yakan ce aƙidar nan ta ɗan Adam ya ishi kansa ba sabuwa ba ce, ita ce alkawarin da maciji ya yi wa Hauwa'u a gonar Aidan, cewa za su zama tamkar Allah. Ni kuma in tuna masa Suratul Alaƙ, inda aka nuna mutum yakan ƙetare iyaka idan ya ga ya wadatu. A nan ba mu taɓa saɓawa ba. Inda nake da ja shi ne, rigimar ta Amurka ce, kan makarantunsu. A makarantar da muka koyar da addu'a ake buɗe taron safe, ba wanda ya fitar da Allah daga aji. Da tsoron ya iso nan bai tarar da abokin gabansa ba, sai ya riƙa sauka kan duk abin da ya zo baƙo. Da aka fito da lambar BVN ta banki a 2014, an yi ta raɗe-raɗin ita ce alamar dabba. Da allurar korona ta zo a 2021, aka maimaita. Ba kuma zan nuna su da yatsa in manta da namu ba, domin mu ne muka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 kan zargin makirci, yara suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaya ya yi BVN, ya yi allura. Ya ce Yesu ya faɗa ba wanda ya san ranar ko sa'ar, kuma shi bai ga yadda za a yi wa mutum alamar bautar Shaiɗan ba da saninsa ba.

Zuwansa Daura na ƙarshe a watan Fabrairu ne na 2023, ana tsakiyar canjin kuɗi, ya zo ɗaurin auren 'yata. Dukanmu mun yi ritaya, gwiwarsa ta fara ba shi wahala. Kwana biyu bayan biki muka fita da hantsi, muka bi masu POS uku ba wanda ke da ko naira ɗari biyar. Yana da kuɗi a asusu, ina da su, amma ba mu iya sayen furar naira ɗari biyu ba, don mai furar ba ta da asusun banki. Ya tsaya riƙe da waya a hannunsa na dama, ya dube ta, ya ce a hankali, "Malam, ban ce shi ne ba. Amma yau na ga yadda abin zai iya kasancewa." Ban ba shi amsa ba, maganar Iya ce ta faɗo mini, ta garin da ya ƙi bi ya wayi gari cikin fari.

Mai furar, wata dattijuwar Bafillatana, ta gama sauraronmu ta jawo ƙwarya ta dama mana. Ta ce, "Ku sha, Alhaji, kai da baƙonka. In kuɗi sun fito ka aiko." Muka sha a tsaye. Daga nan ya ce in kai shi Kusugu, yana so ya sake ganinta tun ƙafarsa na iya zuwa. Ranar Talata ce. Mai kula da wurin ya zura guga ya jawo, ya miƙa wa Yaya, ya sha, ya shafa sauran a fuska, ya miƙo mini.