Layin Dogo da Ya Koma Hanyar Keke: Tarihin Katy a Jihar Missouri

A tsakiyar Amurka, cikin jihar Missouri, akwai wata siririyar hanya mai tsawon kimanin kilomita 386 wadda mota ba ta hawa. Ta taso daga Machens a gabas, kusa da mahaɗar Kogin Missouri da na Mississippi, ta ƙare a garin Clinton a yamma. Ba kwalta aka malala mata ba. Niƙaƙƙen farin dutse ne, irin wanda ake yin siminti da shi, aka shimfiɗa aka daddanne har ya yi tauri. Mai keke yakan yini a kanta, gonakin masara da waken suya a hannu ɗaya, dogayen duwatsu a ɗaya hannun, ba abin da yake ji sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya. Ana kiranta Katy, kuma tana cikin mafiya tsawo a irin waɗannan hanyoyi a ƙasar.

Shimfiɗar da masu keke ke yabawa a yau ba don su aka yi ta ba. Jirgin ƙasa mai jan kaya ba ya son tudu, saboda haka injiniyoyin kamfanin Missouri-Kansas-Texas, da suka kai dogo wannan yanki a farkon shekarun 1890, suka bi fadamar kogin, suka cike kwari, suka fasa dutse inda ya tare musu gaba. A Rocheport rami suka huda ta cikin dutsen, yana nan har yanzu, masu keke na ratsa shi. Daga haruffa biyu na ƙarshen sunan kamfanin, K da T, mutane suka ƙago laƙabin Katy. Sai an wuce Boonville, inda hanyar ta rabu da kogi, ake fara jin ɗan hawa da gangara, su ma ba masu sa haki ba.

Fadamar da ta sauƙaƙa wa dogon tafiya ita ce kuma ta kashe shi. Kogin Missouri ya sha cin layin, ana gyarawa. A lokacin, harkar jiragen ƙasa ta riga ta ja da baya: a 1916 Amurka na da dogo na kusan mil 254,000, daga nan manyan motoci da titunan kwalta suka riƙa janye kaya da fasinja, kamfanoni na rufe layukan da ba su kawo riba. Da ambaliyar watan Oktoba na 1986 ta sake lalata layin Katy, kamfanin ya ga gyara asara ce, ya nemi izinin barin wajen mil 200 tsakanin Machens da Sedalia.

Tunanin mayar da mataccen dogo hanyar ƙafa da keke ya girmi wannan ambaliya. A 1963 wata masaniyar tsirrai, May Theilgaard Watts, ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana ba da shawarar a yi haka da wani layi da aka yasar a yammacin Chicago. A 1967 jihar Wisconsin ta buɗe hanyar Elroy zuwa Sparta a kan tsohon dogo. Amma akwai cikas babba. Sau da yawa kamfanonin jirgi ba su sayi ƙasar da suka bi ba, izinin ratsawa kawai suka samu daga masu gonaki, bisa sharaɗin cewa jirgi ne zai wuce. Ranar da jirgi ya daina wucewa, izinin ya mutu, ƙasa ta koma hannun mai gona ko magadansa. Layi ɗaya kan tsinke ya zama ɗaruruwan gutsattsari, kuma haɗa shi daga baya ya fi ƙarfin kowa.

A 1983 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar hanyoyin ƙafa ta ƙasa gyara, ta shigo da wata dabara da za a iya kira ajiyar dogo. Idan wata hukuma ko ƙungiya ta yarda ta karɓi layi ta kula da shi a matsayin hanyar jama'a, doka ba za ta ɗauke shi yasasshe ba. Za a ce an ajiye shi ne har ranar da jirgi zai dawo. Ko an kwashe ƙarafa da katakai, ko ciyawa ta rufe tasha, a takarda dogo yana raye, izinin ratsawa kuma bai mutu ba. Da wannan doka jihar Missouri ta karɓi layin Katy a 1987. Kuɗin kuwa wani attajiri ne ya kawo, Edward Jones da aka fi sani da Ted, shi da matarsa Pat, suka ba da dala miliyan 2.2 don sayen layin da fara aikin. An buɗe sashe na farko a Rocheport a watan Afrilu na 1990, Jones ya rasu a cikin wannan shekara.

Manoman da layin ya ratsa gonakinsu ba su yi murna ba, kuma kuskure ne a ɗauke su masu ƙin ci gaba kawai, kamar yadda wasu masu sha'awar hanyar suka ɗauke su a lokacin. Kakanninsu sun yarda da jirgi, wanda ke wucewa ya tafi, yana kuma ɗaukar musu hatsi zuwa kasuwa. Ba su yarda da baƙi masu yawo ta bayan gida dare da rana ba. Sun jira ƙasarsu shekara kusan ɗari, ranar da ta kamata ta dawo sai aka sauya doka. Suka tafi kotu. A 1990, cikin shari'ar Preseault da ta taso daga jihar Vermont, Kotun Ƙoli ta ce dokar ajiyar dogo ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, amma ta bar ƙofa a buɗe ga duk wanda aka hana ƙasarsa ya nemi diyya daga gwamnatin tarayya. Manoman Missouri sun bi ta wannan ƙofa, a shekarar 2000 kotu ta yarda cewa lallai an ƙwace musu haƙƙi. An biya su kuɗi, ƙasar dai ba ta dawo ba.

Kogin ma bai haƙura ba. Babbar ambaliyar 1993 ta lalata hanyar a wurare da yawa tun ba a gama ta ba, sai 1996 aka haɗe St. Charles da Sedalia. Sashen Sedalia zuwa Clinton, wanda kamfanin Union Pacific ya ba da kyauta bayan ya haɗiye Katy, an buɗe shi a 1999, na Machens kuma a 2011. Ƙananan garuruwa irin su Augusta da Marthasville da Rocheport, waɗanda suka yi tsit bayan tafiyar jirgi, suka samu masaukan baƙi da gidajen abinci da shagunan gyaran keke. Kekuna masu faɗin taya da ake ƙerawa musamman don tsakuwa daga baya suka yi tashe, sun tarar da hanya a shimfiɗe.

Yadda dukan wannan ya rataya a kan zaren doka ya fito fili a rikicin gadar Boonville, tsohuwar gadar ƙarfe ta 1932 da ake ɗaga tsakiyarta jiragen ruwa su wuce. A tsakiyar shekarun 2000 Union Pacific ya so ya kwance ta ya yi amfani da ƙarfen a wata gada kan Kogin Osage. Masu keke ba ta kanta suke tsallaka ba, gadar mota suke bi, amma aka ji tsoron in ta tafi wani zai ce layin ya yanke, jirgi ba zai taɓa dawowa ba, ajiyar ta rushe, masu gonaki su nemi abinsu. Babban lauyan jihar na lokacin, Jay Nixon, ya kai maganar kotu, kuma a 2010, yana gwamna, aka sanar da yarjejeniyar miƙa gadar ga garin Boonville.

Alamun nisa da ke gefen hanyar ma ba a sauya lissafinsu ba. Na jirgi ne. Shi ya sa wanda ya fara tafiya daga Machens ba ya farawa daga sifili, daga wajen mil 27 yake tashi, ya isa Clinton alama na nuna mil 264 da ɗoriya.