Rakiyar Tsoho Zuwa Sansanin Maƙiyi: Aikin Ɗan Aike a Waƙar Iliyad

Masu karanta Homa, mawaƙin Girka ta dā, sukan ɗauka cewa Hermis shi ne ɗan aiken allolin da Girkawan dā suke bauta wa a duk inda aka duba. A waƙar Odisi haka abin yake: shi aka aika wurin Kalifso ya ce ta saki Odisiyus. Amma a Iliyad, mai babi 24 da ɗango sama da 15,000, Iris ce mai kai saƙo. Hermis bai yi wani aikin a zo a gani ba sai a babin ƙarshe, kuma abin da aka ɗora masa a can rakiya ce. Ra'ayina shi ne, da wannan rabon aiki mawaƙin ya nuna cewa isar da magana rabin aikin ɗan aike ne. Ɗaya rabin, mafi nauyi, shi ne ya zama shaidar cewa akwai wani iko da ɓangarori biyu masu gaba suke jin tsoronsa tare.

Manazarta da suka bi sawun Milman Parry, wanda ya yi nazarin mawaƙan baka na Yugoslabiya a shekarun 1930, sun nuna cewa ɗan aike a Homa yakan maimaita saƙo kusan kalma da kalma, kuma hakan dabara ce ta mai waƙa da ka. Gaskiya ne, duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san amfanin maimaici. Sai dai bayanin bai ƙare a nan ba. A babi na 15, Ziyus, shugaban allolin, ya aiki Iris ta gaya wa Fosaidon ya fita daga fagen yaƙi. Fosaidon ya fusata, ya mayar da baƙar magana. Iris ba ta juya nan take ba. Ta tambaye shi ko da gaske wannan amsar yake so ta kai, ta tuna masa cewa wansa ne ya aiko. Ya sauko, har ya yaba mata. Duk jakadiyar da ta daɗe a gidan sarauta ta san wannan hikimar: baki shi ke yanka wuya, kuma wani lokaci alherin ɗan aike shi ne ya ba mai fushi damar haɗiye maganarsa kafin ta isa.

Babi na 24 ne zuciyar lamarin. Akilis ya kashe Hekta, ya riƙe gawar, yana jan ta a ƙasa kwana da kwanaki. Wasu alloli suka ba da shawarar Hermis ya sato ta, domin an san shi da iya sata. Ziyus ya ƙi. Ya zaɓi doguwar hanya: aka aiki Tetis, mahaifiyar Akilis, ta gaya wa ɗanta ya karɓi fansa, aka aiki Iris wurin sarki Firiyam, mahaifin Hekta, ta ce ya tafi wurin Akilis da kansa, kada ya ɗauki kowa sai tsohon sankira guda mai kora alfadarai. Sai da aka gyara bakin zaren ta kowane gefe sannan Hermis ya shigo.

A duba yadda ya shigo. Magariba ta yi, tsofaffin biyu sun tsaya a bakin kogi suna shayar da dabbobi, keken cike da tufafi da zinariya. Suka hango mutum. Gashin jikin Firiyam ya tashi. Sai ga saurayi mai sabon gemu, ya kama hannun tsohon, ya kira shi baba. Ya ce shi baran Akilis ne. Abu na farko da Firiyam ya nema ya sani shi ne ko gawar ɗansa na nan ko an jefa wa karnuka, saurayin ya tabbatar masa tana nan ba ta ruɓe ba. Tsohon ya miƙa masa kofi tukuici, ya ƙi karɓa. Ya karɓi linzami, ya sa wa masu gadi barci, ya zare sakatar da sai mutum uku suke ɗagawa, sannan ya bayyana ko shi wane ne, ya tafi. Bai shiga ɗakin Akilis ba. Roƙon da sumbatar hannun da ya kashe ɗansa, Firiyam ne ya yi su shi kaɗai. Amma cikin dare Hermis ya dawo ya tashe shi, ya ce idan Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya gane yana nan, fansar da za a biya a kansa za ta ninka wadda ya kawo sau uku. Rakiya ba ta cika sai an mayar da mutum gida.

Ƙasar Hausa ta san wannan tsari. A Daular Usmaniyya, kowane sarki yana da ƙofarsa a Sakkwato, wato babban da saƙonsa ke bi ta hannunsa, jakadu kuma suna kai da komo tsakanin hakimai da ƙauyuka. Jakada ba ƙarfin damtse yake tafiya da shi ba. Wanda ya taɓa shi ya taɓa wanda ya aiko shi, kowa kuma ya san haka. Akilis ma, duk da zafin zuciyarsa, ya faɗa wa Firiyam cewa ya san ba zai iso nan ba sai da jagorar wani daga sama, kuma shi kansa umarni ya zo masa.

Ba na iya karanta wannan babi yanzu ban tuna da Banga ba, a ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. A watan Yuli na 2025 labari ya bazu cewa 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 daga cikin mutanen garin da suka sace, bayan an kai musu kuɗin fansa. Mutum 18 ne suka dawo. A yankin Zurmi da Shinkafi ma mutane sun san wannan tafiya: a yi karo-karo, a sayar da gona ko shanu, a sami mai ƙarfin hali ya ɗaura jaka a babur ya nufi daji, waya a aljihu ana gaya masa inda zai karkata. Yana da duk abin da Firiyam yake da shi, dukiyar da tsoron da ƙaunar nasa. Abin da ba shi da shi shi ne wanda ya riga shi zuwa can ya yi magana aka ji, da wanda zai riƙe masa linzami ya kai shi ya dawo da shi. Shi ya sa wani lokaci a karɓe kuɗin a riƙe mai kawowa.

Wani zai ce Homa ya ƙawata yaƙi ne, ya sa alloli inda a zahiri babu kowa. Ina ganin akasin haka: sai da ya tara Ziyus da Iris da Tetis da Hermis kafin tsoho ɗaya ya iya ƙetare fili ɗaya, domin ya san wuyar abin. Akilis ya sa aka wanke gawar aka shafe ta da mai, ya ɗauke ta da hannunsa ya ɗora a kan makara, ya kuma tsayar da yaƙi kwana 11 don a yi makoki da jana'iza. Iyalai da yawa a arewacin Zamfara ba su sami gawar da za su wanke ba, sai salatul ga'ib.