Marubuci a Kaso: Darasin Abdoulaye Mamani

Da wuya ka samu ɗan lakkol a Madawa, Buza ko Keita da bai ji sunan Sarauniya Mangu ta Lugu ba, wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899, shekarar da suka ƙone Birnin Ƙonni. To amma mu nawa muka san wanda ya kai labarinta duniya?

Abdoulaye Mamani ne, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba. Bayan an haramta Sawaba a 1959, ya yi shekaru yana gudun hijira, har Aljeriya. Ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, sai gwamnatin Seyni Kunce ta jefa shi kaso. Duk da haka littafinsa, Sarraounia, ya fito a Paris a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Kun ga, mutanen waje ne suka tallafi muryarsa.

Haka ma ɗan jarida Moussa Kaka, da aka kama a Satumba 2007 bisa zargin hulɗa da 'yan tawayen MNJ. Abokan aikinsa da Amnesty International ba su daina kiran sunansa ba har aka sake shi a Oktoba 2008.

'Yan uwa, mai ɗaure marubuci mantuwarmu yake jira. Mu karanta aikinsu, mu ara wa juna, mu riƙa ambaton sunayensu a fada.