Yadda Aka Sha Fama da Ɗaukar Hoton Gine-gine a Fagge da Sabon Gari

Sa'ad da Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, da hannu ya zana birnin daga kan Dala. Hoto bai zama ruwan dare a nan ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913, mutanen Kudu suka zauna, har da masu sana'ar hoto a cikinsu.

To, tun da yake gini ba ya motsi, sai ka zaci ɗaukarsa ba wuya. Ina! Ginin ƙasa launinsa ɗaya ne, hoton zamanin kuwa baƙi da fari, saboda haka zanen da magina ke yi a fuskar zaure inuwa kaɗai ke fito da shi. In rana na bayan mai hoto, sai bangon ya fito sumul kamar ba a taɓa yi masa ado ba. Dole ya jira hantsi ko la'asar, hasken ya bugo ta gefe. Ran da hazo ya sauka da hunturu kuwa, gara ya naɗe kayansa, gama babu inuwa sam.

Wahala ta biyu ita ce wurin tsayawa. Titunan Sabon Gari miƙaƙƙu ne masu faɗi, mutum na iya ja da baya har gidan ya shiga duka. A tsofaffin lungunan Fagge, zangon Buzaye na dā, babu wannan sarari. Sai mai hoto ya ɗaga bakin akwatinsa don ya kamo zanko, nan take bangaye su karkato kamar za su haɗu a sama. Ga shi kuma dā ma maginin Hausa yakan yi gindin bango da kauri, ya riƙa rage shi yana hawa. Sai hoto ya ƙara gishiri a kan abin da tubali ya fara. Akwatin dā mai kama da zugazugi ya fi dacewa a nan, domin ana iya tura gilashinsa sama ba tare da an karkata shi ba.

Mittelholzer, matuƙin jirgin sama mutumin Suwizalan, ta sama ya ɓullo wa abin. A tafiyarsa ta Tafkin Cadi, tsakanin 1930 da 1931, ya ɗauki Kano daga cikin jirgi. Tsarin gidaje ya fito sarai, amma fuskar zaure ba ta ganuwa daga can.

Yanzu siminti ya cinye yawancin gidajen ƙasar nan, hotunan ne suka rage shaida. Wanda ke son sanin ko bango ne ya karkace ko akwati, sai ya dubi gefen hoton: in mutumin da ke tsaye can shi ma ya karkata, magini ba shi da laifi.