Kamfanin Elder Dempster da Audugar Kudancin Katsina

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda kamfanin jiragen ruwa na Liverpool ya shafi rayuwar manomin Matazu, wanda bai taɓa ganin teku ba.

Alexander Elder da John Dempster ne suka kafa kamfanin a 1868, amma bai bunƙasa sosai ba sai da ragamarsa ta koma hannun Alfred Jones a 1884. A 1894 Jones ya kafa Bankin Afirka ta Yamma, wanda a yau ake kira First Bank. A 1895 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Woermann na Jamus, suka daidaita kuɗin dako, suka kuma yanke cewa za a riƙa mayar wa ɗan kasuwa ushirin abin da ya biya, amma sai bayan watanni, kuma muddin bai ba wani jirgi kayansa ba. Da wannan dabara suka toshe wa abokan gasa hanya.

Jirgi kuwa ba ya cin riba sai da kaya. Don haka da aka kafa ƙungiyar B.C.G.A. a Manchester a 1902 domin samar wa masaƙun Ingila auduga, Jones ne ya zama shugabanta na farko. Ya rasu a 1909, kafin dogo ya iso Kano a 1911, sannan reshen da ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan hanya ta buɗe: manomi ya kai audugarsa kasuwa, a gurje ta a Malumfashi ko Funtuwa, a ɗaure dila-dila, jirgin ƙasa ya kai Ikko, na ruwa ya kai Liverpool. Sai an fitar da kuɗin kowane zango daga farashin Ingila, abin da ya rage shi ne rabon manomi, alhali kuwa ba shi da bakin magana wajen yanke su.

Nijeriya ta kafa kamfaninta na jiragen ruwa a 1959, Elder Dempster na cikin masu hannun jari, kafin gwamnati ta saye rabonsa a 1961. An sayar da Elder Dempster ga kamfanin Delmas na Faransa a 1989, na Nijeriya kuma aka rushe shi a 1995. Ashe ke nan, tarihin noman yankinmu ba zai cika ba sai mai nazari ya bi dilar auduga har bakin teku.